Abdulaye Mamani na Gudumariya: an riƙe Sarauniyarsa, an bar waƙoƙinsa

Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar Difa ya nufi yamma ya san yadda hanyar take. Ana fita gari kaɗan sai Shetimari, inda ake cin karo da manyan motoci ɗauke da buhunan jan tattasan Komadugu. Daga nan sai Maine-Sorowa, sa'an nan ƙasa ta soma sake kama: tuddan rairayi suna taso wa hanya ta dama da hagu, kwaruruka masu dabino da kanwa suna ɓoye a bayansu, har a kai Gudumariya. Yawancin matafiya ba su sauka nan sai domin salla da shan shayi. To, a wannan gari ne aka haifi Abdulaye Mamani cikin shekara ta 1932.

Mai karatu ya gwada wani abu. Ran kasuwar Shetimari ya tsai da ɗan lakwal, ko ma'aikacin gwamnati da aka turo daga Yamai, ya tambaye shi wace ce Sarauniya Mangu. Nan take zai ji labarin macen Lugu da ta ƙi miƙa wuya ga Nasara. In ya ƙara tambaya, wane ne ya fito da wannan labari har ya game duniya, masu amsawa za su ragu. In kuwa ya ce a kawo masa baiti ɗaya tak daga waƙoƙin mutumin, da wuya ya sami mai buɗe baki, alhali kuwa Mamani mawaƙi ne tun kafin ya zama mai rubuta labari, kuma littafinsa na farko na waƙoƙi ne.

Daga sandika zuwa majalisa

A zamanin ƙuruciyarsa babu jami'a a Nijar. Ta Yamai sai a 1971 aka aza harsashinta, lokacin yana da shekara 39 kuma yana nesa da gida. Saboda haka makarantar da ta gina shi ita ce sandika da siyasa, daga baya gudun hijira da gidan kaso. Damagaram ce ta zama garinsa. Tun 1926 aka ɗauke mata hedkwatar mulki aka kai Yamai, amma ta ci gaba da zama cibiyar cinikin gyaɗa da fatu, cike da direbobi da karen-mota da lebura da teloli da mahauta da akawunan kantunan Nasara. Waɗannan ƙananan mutane na birni su ne ƙashin bayan jam'iyyar da Jibo Bakari ya kafa a 1954, wadda bayan haɗewar 1956 kowa ya san ta da sunan Sawaba. Cikinsu Mamani ya koyi magana gaban jama'a da riƙe alƙalami.

A zaɓen watan Maris na 1957 Sawaba ta yi rinjaye, Jibo ya kafa gwamnatin farko ta 'yan ƙasa, Mamani kuwa ya zama depiten Damagaram yana ɗan shekara 25. Aka kuma sa shi cikin wakilan Nijar a babbar majalisar ƙasashen Afirka ta Yamma renon Faransa da ke Dakar. Yaron da aka haifa a bakin hamadar Manga ga shi zaune kujera ɗaya da manyan 'yan siyasar Senegal da Kodibuwa.

Abin bai yi tsawon rai ba. Ran 28 ga Satumba 1958 Janar Digol ya kira ƙuri'ar raba gardama: wanda ya ce «I» ya zauna cikin tarayya da Faransa, wanda ya ce «A'a» ya ɗauki 'yancinsa nan take. Jibo ya zaɓi «A'a» kamar Seku Ture na Gine. Faransa ta aiko da sabon gwamna, Colombani, aka tayar da sarakuna, aka matsa wa masu yawon siyasa na Sawaba, aka ce «I» ta ci da kimanin kashi 78 cikin 100. Kafin ƙarshen shekara mulki ya koma hannun Jori Hamani da jam'iyyar RDA, cikin Oktoba 1959 kuma aka haramta Sawaba ɗungum. Ranar da aka yi bikin 'yancin kai, 3 ga Agusta 1960, mutanen da suka fara neman wannan 'yanci suna kaso, ko suna ɓoye, ko sun ƙetare iyaka. Mamani na cikin waɗanda suka ƙetare.

Waƙar wanda aka kayar

Ya yi kimanin shekara 14 a waje. Ya zauna Gana da Mali, amma inda ya fi daɗewa shi ne Alje, babban birnin Aljeriya, inda ya yi aikin jarida kuma ya tsaya wa jam'iyyarsa. Alje ta wancan lokaci matattarar masu yaƙin 'yanci ce. 'Yan Angola, 'yan Gine-Bisau, 'yan Afirka ta Kudu, har da baƙaƙen Amurka, kowa da ofishinsa da tutarsa da jaridarsa, kuma a nan aka yi babban bikin al'adun Afirka na watan Yuli 1969. Wanda ya zauna irin wannan wuri dole idonsa ya buɗe, ya daina ganin wahalar ƙasarsa kamar ita kaɗai ce a duniya.

Sai dai shekarun ba na nasara ba ne. A ƙarshen 1964 Sawaba ta shigo da mayaƙanta ta kan iyakoki da niyyar kifar da gwamnatin Jori. Jama'ar karkara ba su tashi ba kamar yadda aka zata, aka kama mutane da yawa, aka harbe wasu a bainar jama'a. Cikin Afrilu 1965 aka jefa wa Jori gurneti a filin idi ran babbar salla, ya tsira, kamun ya ƙara tsanani. Sa'an nan masu masauƙin jam'iyyar suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya: Ben Bella a 1965, Kwame Nkuruma a 1966, Modibo Keita a 1968. Wanda bai riƙe waɗannan shekaru a kai ba, ba zai gane waƙoƙin Mamani ba, gama waƙoƙin mutum ne wanda aka ƙwace wa kujera, aka rusa wa jam'iyya, aka kashe wa abokai, ba abin da ya rage masa sai alƙalami.

Littafin ya fito a Paris a 1972, sunansa Poémérides. Sunan kansa wasa ne da harshe: an ɗauki kalmar Faransanci mai nufin waƙa an ɗinke ta da kalmar da ke nufin kalandar nan da ake yage wa takarda ɗaya kowace safiya. Watau waƙoƙin kwanaki ke nan, kowace rana da nata ciwo. Wanda ya buga shi, Pierre-Jean Oswald, shi ma ba baƙon wahala ba ne, gama littattafan da ya buga zamanin yaƙin Aljeriya sun sa sai da ya bar Faransa ya koma Tunis na wani lokaci. Mamani ya kuma rubuta wani jerin waƙoƙi da ya kira Eboniques, daga sunan icen nan mai baƙar zuciya, ɗan'uwan kanyar da muke da ita a dajinmu, domin tunawa da baƙar fata a duk inda take. A wannan tsakani ne kuma ya rubuta wasan kwaikwayo mai suna Le Balai, wato tsintsiya.

A nan ne matsalar take, kuma ba laifi a faɗe ta sarai. Duk waɗannan waƙoƙi da Faransanci suke. Mutumin da ya soma siyasa cikin direbobi da mahauta, ya yi musu jawabi da Hausa a dandalin Damagaram, da ya zo rubuta abin da ke zuciyarsa sai ya rubuta da harshen da yawancinsu ba su ji, aka buga a birnin da ba su zuwa, a lokacin da mallakar takarda mai sunan ɗan Sawaba kan iya kai mutum hannun jandarma.

A dubi ƙetaren Komadugu a ga bambanci. A can ma an yi jam'iyyar talakawa mai kiran sawaba, wato NEPU ta Malam Aminu Kano, kuma 'yan Sawabar Nijar da yawa a Kano suka sami mafaka. NEPU ta yi mawaƙanta, irin su Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu, wanda ya yi shekaru masu yawa a Maiduguri, garin da ya fi kusa da mutumin Shetimari nesa ba kusa ba bisa ga Yamai. Su da Hausa suka rubuta, da ma'auni da amsa-amo, ana rera waƙoƙinsu a taro da gidan rediyo, mai shago da bai taɓa zama aji ba yana haddace su. Daga baya malaman jami'a suka bi sawu: Ɗalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya tattara waƙoƙin Aƙilu aka buga Fasaha Aƙiliya a 1977, shi kansa Aƙilu kuma ya yi aiki a cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero. A can waƙa ta fara shiga kunnen jama'a kafin ta shiga jami'a. A wajen Mamani abin ya juye: jami'a ce ta san waƙoƙinsa, kasuwa ba ta ji su ba. Ba gazawarsa ba ce shi kaɗai. Lakwal ɗin Faransa ba ta koya wa kowa rubuta harshen uwarsa ba, kuma mai gudun hijira a Alje ba shi da masu sauraro sai waɗanda ke jin Faransanci.

Dawowa, kaso da Lugu

Ran 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka kifar da Jori, Laftanan-kanar Saini Kunce ya hau. 'Yan gudun hijira suka ɗauka ƙofa ta buɗe, suka dawo. Murna ta koma ciki, domin a 1975 aka kama Jibo Bakari bisa zargin shirya juyin mulki, Mamani ma bai daɗe da dawowa ba aka ɗauke shi, ya yi shekaru a tsare. Mutumin da ya tsere wa kason Jori sai ga shi a na wanda ya kayar da Jori.

A 1980 gidan buga littattafai na L'Harmattan a Paris ya fitar da Sarraounia. Domin a gane girman aikin, sai a tuna da abin da ya faru. A farkon 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin kaftin Voulet da kaftin Chanoine ta bar bakin Kwara ta nufi tafkin Cadi, tana ƙona garuruwa, tana kashe mutane, tana kwasar bayi da dabbobi. Ran 16 ga Afrilu ta auka wa Lugu, wani ƙauyen Azna a ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi, mutanen wurin suka yi tsayin daka da baka da kibiya kafin su janye cikin kurmi. Cikin watan Mayu aka yi kisan gillar Birnin Ƙwanni. Labarin ta'asar ya kai Paris, aka aiko Kanar Klobb ya karɓi jagoranci, Voulet ya sa aka harbe shi a Ɗankori kusa da Tasawa ran 14 ga Yuli. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu da kansu suka kashe kaftin ɗin biyu, kaburburansu na nan a Maijirgi. Sauran rundunar ta ci Damagaram a ƙarshen Yuli, wani sashe kuma ƙarƙashin Joalland da Meynier ya ci gaba gabas har Ngigmi cikin Oktoba. Ke nan wutar da ta taɓa Lugu ita ce ta ƙarasa a ƙasar da aka haifi marubucin.

A takardun sojojin Faransa, Sarauniya ba ta sami fiye da 'yan layuka ba, kuma tsohuwar mayya suka kira ta. A Lugu kuwa Sarauniya sarauta ce ta gargajiya da ake gada, mai ita tana zaune cikin ɗakinta, aikinta tsafi da roƙon damina da tsare gari, ba hawan doki ba. Mamani ya ɗauki waɗannan 'yan layuka da abin da ya ji daga bakin tsofaffi, ya gina wata mace daban: matashiya, jaruma, wadda wani dattijo mai suna Dawa ya rene ta ya koya mata harbi da sanin itatuwa, wadda ke tsayawa gaban mayaƙa ta yi musu jawabi, wadda gidanta mafaka ne ga duk wanda aka kora ba tare da an tambayi ƙabilarsa ko addininsa ba. Wanda ya san rayuwar marubucin zai ji muryar dandalin Sawaba cikin bakin wannan sarauniya. Ita ce «A'a» ɗin da aka murƙushe a 1958, aka mai da ita shekara 59 baya, aka ba ta jikin mace.

Littafin bai yi wa kowa daɗi ba, kuma har yau akwai abin muhawara cikinsa. Ya nuna sarakunan da ke kewaye da Lugu, har da na Musulmi, wasu suna jiran Nasara ya gama musu da maƙwabciyar da ta gagare su, wasu suna ba shi 'yan jagora. Mai neman tarihi tsantsa zai ce an ƙara gishiri, kuma yana da gaskiya, gama yaƙin Lugu na yini ɗaya ne, bai hana rundunar wucewa ba. Amma Mamani bai ce shi malamin tarihi ne ba. Aikin mawaƙi ya yi da zube, irin wanda maroƙa ke yi tun fil azal: a ɗauki abin da ya faru a yi masa kirari har ya zama abin da jama'a za su dogara a kai. Abin da ya kamata malaman lakwal su kiyaye shi ne su gaya wa yara inda tarihi ya tsaya da inda ƙago ya soma.

Sai labarin silima. Med Hondo, ɗan Muritaniya, abokin Mamani, ya ɗauki littafin domin ya mai da shi fim. An shirya ɗauka a Nijar, amma ana gab da somawa hukumomin lokacin suka janye. Kaftin Toma Sankara ya buɗe masa ƙofar Burkina Faso, ya ba shi sojoji da kayan aiki, wata 'yar ƙasar mai suna Ai Keita ta fito a matsayin Sarauniya. Fim ɗin ya fito a 1986, a 1987 kuma ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu, wato Dokin Yennenga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: labari na Nijar, marubuci ɗan Nijar, amma an ɗauke shi a ƙasar maƙwabta, jarumar kuma da Julanci take magana ba da Hausar Arewa ba. A Faransa ma gidajen silima ba su bar shi ya daɗe ba. Duk da haka sunan ya riga ya fita. Ya shiga littattafan lakwal, an raɗa shi wa gidan rediyo da talabijin, yau har akwai lambar girma ta ƙasa mai sunan Sarauniya Mangu.

Abin da malaman jami'a suka tsamo

Bayan rasuwar Kunce cikin Nuwamba 1987 da sassaucin da Janar Ali Shaibu ya kawo, sa'an nan babban taron ƙasa na 1991, bakin da aka rufe shekara 30 ya buɗe. Mamani yana zaune Damagaram, ana zuwa wurinsa ana ɗaukar magana. Cikin masu zuwa akwai Jean-Dominique Pénel, wani malami Bafaranshe da ya koyar a Yamai, wanda ya yi hira da marubutan Nijar ya buga hirarrakin cikin littattafai masu suna Rencontre. Shi ne ya bi waƙoƙin Mamani, waɗanda aka buga da waɗanda ke kwance cikin takardu, har da na ƙuruciya, ya haɗa su cikin kundi ɗaya, Œuvres poétiques, wanda L'Harmattan ta buga a 1993. Ba don wannan aiki ba, da abin da ya rage na mawaƙin bai wuce ɗan littafin 1972 da ya daɗe da ɓacewa daga kantuna ba.

A wannan shekara ce kuma aka ba shi kyautar Bubu Hama ta adabi. Akwai abin lura a nan, domin Bubu Hama shi ne shugaban majalisa kuma jigon RDA a duk tsawon shekarun da Mamani ke gudun hijira. Ya kama hanya daga Damagaram zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, domin ya karɓa. Bai isa ba. Hatsarin mota ya rutsa da shi ran 3 ga Yuni 1993, yana da shekara 61, 'yan makonni bayan an rantsar da Mahamman Usman, shugaban farko da aka zaɓa ta hanyar jam'iyyu da yawa. Allah ya jiƙansa.

Tun daga nan aikin ya koma hannun masu bincike. Antoinette Tidjani Alou, haifaffiyar Jamaika, malamar adabi a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai kuma marubuciya ita kanta, ta yi nazari a 2009 kan yadda aka manta da sarautar mata a Nijar da yadda littafin Mamani ya farfaɗo da ita. Elara Bertho, wata mai bincike daga Faransa, ta gwada littafin da takardun soja da abin da mutanen Lugu ke faɗi da bakinsu. Klaas van Walraven na Holan ya buga babban tarihin Sawaba a 2013, inda sunan Mamani ke fitowa a matsayin ɗan gwagwarmaya. A 2014 kuma aka fitar da wani labari da ya bari a rubuce, Le puits sans fond, wato rijiya gaba dubu, shekara 21 bayan rasuwarsa. Aiki ne mai kyau, sai dai duk da Faransanci ko Ingilishi aka yi shi, kuma farashin littafi ɗaya da aka buga a Paris ya isa cefanen gida na kwanaki ga ƙaramin ma'aikaci.

A 2014 ɗin nan dai aka kafa Jami'ar Difa, 'yan watanni kafin hare-haren Fabrairu 2015 su jefa yankin cikin halin da kowa ya sani. Ƙarfinta ya fi karkata ga noma da muhalli, abin da ya dace da ƙasar da rairayi ke cin kwaruruka. Amma cikin ɗalibanta da malaman lise na Difa da Maine da Gudumariya akwai masu jin Faransanci da Hausa da Barbarci gaba ɗaya, kuma akwai gidajen rediyon karkara da ake saurare a rumfunan kasuwa da sansanonin 'yan gudun hijira da ke bakin hanya. Waƙoƙin Poémérides ba su da yawa. Mutum biyu ko uku masu kunnen waƙa, in sun sami izinin iyalinsa da na masu buga littafin, za su iya juya su zuwa Hausa da Barbarci cikin hutun damina ɗaya, a karanta su a rediyo da dare bayan labarai.